Na faɗi a kwana muna tafiyar ayari, abokaina sun ce in sassauta birkin gaba

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 24, ina zaune a Kano, wata takwas ke nan da na sayi Boxer. Mako biyu da suka wuce muka tafi dam ɗin Tiga mu goma sha biyu, kowa da babur ɗinsa, ni ne na biyun ƙarshe. Na gaba suka ba ni rata, na ƙara wuta don in cim musu. Da muka zo wata kwana ta hagu sai na ga kamar ba za ta shawu ba, ga kwalbati a bakin titi. Na taka birkin baya, babur ya fara jan ƙasa, na damƙe na gaba, ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙasa ba. Allah ya kiyaye, ƙujewa na yi a gwiwa da kafaɗa, sai wuyan hannuna na dama da har yau yake ciwo. Abokaina sun ce birkin gaba ne ya kayar da ni, in sa bakanike ya sassauta shi yadda ba zai riƙa kamawa ba. Wasu kuma suna cewa tsoro ne kawai. Yanzu ko kwanar unguwa na zo sai gabana ya faɗi. Nan da mako uku akwai wata tafiyar, in ban je ba za su ce na tsorata. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da arziki, Allah ya tsare gaba.

Kafin maganar babur, ka je asibiti a ɗauki hoton hannun nan. Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da yakan tsage, mutum ya ɗauka targaɗe ne. Danna ɗan ramin da ke gindin yatsan ta gefen wuyan hannu. In ka ji zafi a nan bayan mako biyu, kada ka tsaya shafa man zafi, domin ƙashin nan jini ba ya isarsa sosai, in aka bar shi yakan ƙi haɗewa. Kuma hannun dama ne, da shi kake riƙe totur, da shi kake matsa birki.

Game da birkin gaba, kada ka bari kowa ya sassauta maka shi. Wannan shawara ta yaɗu a tsakanin masu babur, kuma ta jefa mutane da yawa cikin haɗari. Idan babur yana tsayawa, nauyinsa da naka duk gaba suke komawa, shi ya sa kake ganin kan babur ya nutse. Tayar gaba tana ƙara mannewa da kwalta, ta baya kuwa nauyi yana barinta. Saboda haka wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake zuwa. Mai babur da ya dogara da na baya kaɗai, ranar da yaro ya gifta masa ko tifa ta ci birki a gabansa, zai taka ya ji taya tana kuka tana jan ƙasa, babur kuwa bai daina tafiya ba.

Gaskiya ne birkin gaba ya taimaka wajen kai ka ƙasa, amma yadda ka kama shi da lokacin da ka kama shi ne suka jawo haka. Mu bi abin daki-daki yadda ka ba da labarinsa.

Wurin da taya take taɓa kwalta bai fi girman katin cire kuɗi ba. Da wannan ɗan wurin babur yake yin komai: da shi yake shan kwana, da shi yake tsayawa. Riƙon da yake da shi yana da iyaka, kamar kuɗin cefane ne, abin da ka kashe a nan ba za ka same shi a can ba. Idan babur ya kwanta a cikin kwana, ya riga ya kashe yawancin riƙon wajen juyawa. Ka zo ka damƙe birki gaba ɗaya, ka nemi abin da babu, sai tayar gaba ta zame, kai ya lanƙwashe, ka faɗi ta gefen da ka karkata. Abin ba ya kai daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ka ce ba ka san lokacin da ka je ƙasa ba. Ƙara da cewa a lokacin ka riga ka gangaro bakin titi, inda yashi da tsakuwa suke taruwa. A kan yashi ko babur a miƙe yake, damƙar birkin gaba tana iya kayar da mutum.

To me ya kai ka bakin titin? Idonka. Ka ambaci kwalbati, kuma mun tabbata tun da ka hango shi ba ka ɗauke ido daga kansa ba. Babur yana bin inda mai shi yake kallo: kai ya juya, kafaɗa ta bi, hannu ya bi. Wanda ya ƙura wa rami ido sai ya faɗa ramin, ko da akwai fili ta kowane gefe. Tsoro kuma yana sa hannu ya sandare, mutum ya ƙanƙame kan babur, gwiwar hannu ta miƙe, babur ya ƙi juyawa. Ga birkin da ka taka, shi ma yana sa babur ya nemi miƙewa ya tafi sak. Duka ukun waje ɗaya suka tura ka.

Amma asalin faɗuwar tun kafin kwanar ta fara, lokacin da ka ƙara wuta don ka cim ma na gaba. Akwai lissafin da ya kamata kowane mai babur ya riƙe. Riƙon da kwana take nema daga taya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkawa yake yi. Kwanar da ake sha cikin kwanciyar hankali a kilomita 40 cikin awa, in ka shige ta a 57 riƙon da take buƙata ya ninka biyu, a 80 kuwa ya ninka huɗu. Haka tsayawa: babur ɗin da zai tsaya cikin mita 5 daga gudun 30, sai ya ci wajen mita 20 daga gudun 60. Kuma a gudun 70 kana cinye fiye da mita 19 a kowace daƙiƙa, tun hannunka bai kai ga birki ba.

A nan ayarinku yana da nasa laifin, kuma ya kamata su ji. A tafiyar ayari na baya ya fi na gaba gudu, ko da na gaban ba ya ganganci. Ja-gaba ya fito daga kwana ya murɗa totur, lokacin na uku yana ciki, na goma bai ma iso ba. Kowa sai ya ga na gabansa ya yi nisa sannan yake ƙara wuta, jinkirin yana taruwa har zuwa ƙarshen layi. In ja-gaba yana tafiya a 70, na sha ɗaya sai ya kai 90 kafin ya rufe ratar, kuma sau da yawa daidai lokacin da ya kai wannan gudun ne wata kwanar take fitowa. Wato kai da kake da wata takwas a kan babur, an ajiye ka a wurin da ya fi ko'ina wahala, ka shiga kwanar da gudun da ya fi na waɗanda suka shekara goma suna hawa. Masu cewa tsoro ne ya kayar da kai ba su duba wannan ba.

Yanzu ga yadda ake shan kwana. Duk rage gudu ana gama shi babur yana miƙe, kafin a shiga. Ka saki totur, ka matsa birki biyu tare, ka sauko da giya zuwa wadda za ta ja ka ka fita, a Boxer yawanci ta uku, in kwanar ta matse ta biyu. Sannan ka saki birki, ka juya kanka gaba ɗaya, haɓarka ta nuna inda kake son fita. Kada ka saci kallo da gefen ido, ka juya fuskar. Ka nemi wurin da gefen titi biyu suke haɗuwa a idonka can gaba. In wurin yana gudunka, kwanar tana buɗewa. In yana matsowa gare ka, kwanar tana ƙara matsewa, ba lokacin ƙara wuta ba ne.

Sai kwantar da babur. Da yawa suna ɗauka da jiki ake yi, suna ta karkata kafaɗa babur yana tafiya sak. Da zarar gudu ya wuce kamar kilomita 20, abin da yake kwantar da babur shi ne tura hannun da ke ɓangaren da za ka. Za ka hagu, tura hannun hagu gaba kaɗan, babur zai faɗa hagu. Za ka dama, tura na dama. Kana yin haka tun ranar da ka koyi keke ba tare da ka lura ba, abin da ake so shi ne ka san kana yi, domin ranar da kwana ta matse ka san abin da za ka ƙara. Da babur ya kwanta, ka ɗan riƙe totur yadda inji yake ja a hankali, kana ganin mafita kana ƙarawa. Kada ka ja kuloci a tsakiyar kwana, kada ka sa firi, kada ka sauke giya da ƙarfi, kuma kada ka sauke ƙafa. Ƙafar da ta taɓa kwalta a gudun 50 ba ta tare komai, karyewa take yi.

Wurin da kake shiga ma yana da muhimmanci. A kwanar hagu ka fara daga ɓangaren dama na hannunka na titi, amma kan kwalta mai tsabta, kada ka hau yashin gefe. Daga nan ka fi hango cikin kwanar. Ka jinkirta juyawa kaɗan. Wanda tsoro ya sa ya yanko ciki da wuri, kwanar takan tura shi waje a ƙarshenta, kuma kusan haka ne ya faru da kai. Ka tuna idan ka kwanta hagu kanka yana leƙawa tsakiyar titi ko da tayarka tana hannunka, don haka ka bar tazarar kamar mita ɗaya daga tsakiya. Kwanar dama ta fi wannan haɗari, domin wanda ta fi ƙarfinsa hannun masu tahowa yake faɗawa, kuma direbobi da yawa suna yanke kwana su shigo hannun da ba nasu ba.

Ka kuma riƙa karanta kwaltar kanta. Sawun tayoyin mota ya fi ko'ina tsabta. Tsakiyar hannu nan baƙin mai da gas suke ɗiga, musamman a kwana da hawa inda manyan motoci suke wahala. Ruwan farko na damina yana taso da wannan maiƙon, titi ya yi santsi. Inda shanu suke tsallakawa akwai kashi da ƙasa. Da kaka kuma mutanen ƙauye suna shanya masara da barkono a gefen kwalta, su tare da duwatsu.

In duk da haka ka tsinci kanka ka shiga da gudun da ya yi yawa, abin da ya fi cetarwa shi ne wanda zuciya ba ta so: ɗauke ido daga abin da kake tsoro, kalli mafita, ƙara tura hannun ciki, saki totur a hankali. A kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau, babur yana iya kwanciya fiye da yadda sabon mahayi yake zato, yawancin waɗanda suka fita daga titi sun fita ne da sauran riƙo a tayarsu. In akwai fili a gabanka kuma babu mai tahowa, kana iya miƙar da babur tukuna, ka matsa birki biyu sosai, ka saki, ka sake kwantar da shi. Birki babur yana kwance kuwa sai dai shafa, a hankali, kamar mai matsa lemo yana gudun ya fantsama masa a ido.

Duk wannan ba zai yi maka amfani ba in a kai kawai yake. Lokacin firgita hannu abin da ya saba yake yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan likita ya sallami hannunka, nemi wuri mai kwalta da babu motoci da yara, da sassafe. Ajiye robar ruwa biyu a matsayin alama. Taho a giya ta biyu da gudun 20, kana zuwa alamar ka saki totur, ka fara matsa birkin gaba kaɗan har ka ji kan babur ya nutse, sannan ka ci gaba da ƙara matsi har ya tsaya. Wannan nutsewar ita ce nauyi ya sauka kan tayar gaba, daga nan ne take iya ɗaukar birki mai ƙarfi. Damƙa kuwa tana kulle tayar tun nauyin bai iso ba. Ƙafarka tana kan na baya da sauƙi, gwiwoyinka sun matse tanki, idonka yana gaba, ka ja kuloci dab da tsayawa. Yi sau ashirin. Auna da taku inda kake tsayawa, za ka ga tazarar tana raguwa. Bayan kwana biyu ka koma gudun 30, sannan 40. Gwada da birkin baya kaɗai sau biyu ka auna, sannan da duka biyun, ka kira wanda ya ce ka sassauta na gaba ya ƙirga takun da kansa.

In ka ji tayar gaba ta kulle, saki nan take ka sake matsawa. Ta baya in ta fara jan ƙasa kana miƙe, sassauta ƙafa a hankali. Abin da ake gudu shi ne bayan babur ya riga ya fita gefe sosai sannan a saki birki farat ɗaya: tayar takan kama kwalta da ƙarfi, babur ya miƙe ya yi jifa da mai shi sama, kuma wannan faɗuwar ta fi taka muni. Irin baburanmu ƙanana yawanci ba su da ABS, na'urar da take hana taya kullewa, don haka yatsunka ne za su yi aikinta.

Don kwana, jera robobi shida a layi, taku goma sha biyu tsakanin kowace biyu, ka riƙa saƙa tsakaninsu da gudun 25 kana lura da hannun da kake turawa. Sannan zana babban da'ira ka zagaya ta hagu da dama, idonka a ɗaya gefen da'irar. Rabin awa a rana ya isa. Faɗuwar gaban da kake ji a kwanar unguwa da haka take tafiya, domin jikinka ya ga abin da bai gane ba ne, in ya gane zai saki. Kada ka matsa wa kanka.

Babur ɗin ma a duba shi, tunda ya sha ƙasa. Bakanike ya tsaya a gaba ya ga ko kai da taya suna kallon wuri ɗaya, ko shok ɗin gaba ya lanƙwashe ko yana yoyon mai. A ɗaga gaban a juya kai hagu da dama, in yana sarƙewa a tsakiya ko yana ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ne. Hannun birkin gaba ya yi wasan santimita 1 zuwa 2 kafin ya kama, na ƙafa 2 zuwa 3. In an ɗaure kebul har ƙarshe birki bai kama ba, birki-shu ya cinye, a canja. Iskar taya a auna da geji tana sanyi, kada a tsaya ga ƙwanƙwasawar mai faci. A irin babur ɗinka gaba wajen 25 ne a ma'aunin PSI na geji, baya 28, in da goyo 32, amma ka bi abin da ke rubuce a jikin babur ko littafinsa. Iska in ta yi yawa wurin taɓa ƙasa yana ƙanƙancewa, in ta yi kaɗan babur yana lilo a kwana. A gefen taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara biyar robarta ta fara taurara ko da zanenta bai cinye ba. Ba ka ambaci hular kwano ba. In kana da ita kuma ta bugu da ƙasa, sayi wata, domin abin da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. In ba ka da ita, ita ce farkon abin saye, kuma a ɗaure igiyarta a haɓa. Ƙara da safar hannu da takalmi rufaffe.

Saura tafiyar nan ta mako uku. Shawararmu ita ce kada kunya ta yanke maka hukunci. Ka je in abu uku sun cika: likita ya ce hannun lafiya, kana iya tsayar da babur daga gudun 40 sau goma a jere ba tare da taya ta ja ƙasa ba, kuma ayarin ya yarda ya gyara tsarinsa. In ɗaya bai cika ba, ka bari sai ta gaba.

Gyaran tsarin ba wuya gare shi ba. Babur goma sha biyu sun yi yawa a layi ɗaya, a raba su gida biyu, shida-shida, da ratar minti biyu ko uku. Sabon hannu yana bin bayan ja-gaba kai tsaye, domin ja-gaba ya riƙa ganinsa a madubi ya daidaita gudu da shi. Wanda ya fi kowa ƙwarewa da haƙuri shi ne a ƙarshe, ba ya wuce kowa. A miƙaƙƙen titi a jeru a karkace, ɗaya ta hagun hannu, na bayansa ta dama, da ratar daƙiƙa biyu tsakaninka da wanda yake saitinka. Ana ƙirgawa ne da turken wuta ko bishiya: wanda yake saitinka ya wuce wurin, ka ƙirga biyu a natse kafin ka iso. Da an doshi kwana ko lalataccen titi a koma layi ɗaya, a ƙara rata, kowa ya sami faɗin hannun gaba ɗaya. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa ana hira, ba a wuce juna a kwana, ba a ɗaukar bidiyo da hannu ɗaya. Wanda ya ga rami ko yashi ya nuna da ƙafa. Kuma idan na gabanka ya wuce mota, wannan ba izini ba ne gare ka, sai ka ga hanya da idonka.

Abin da ya fi duka shi ne a yi alkawarin wuraren jira tun daga gida: gidan mai kaza, mararraba kaza, in ta hanyar Zariya kuka bi a ce Kwanar Ɗangora. Wanda ya san za a jira shi ba shi da dalilin bin fitilar wani. Kowa ya ajiye lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra a wayarsa, kuma ku sani in wani ya faɗi ba a ɗaga shi a zaunar, ba a fizge masa hula, sai dai in numfashinsa ya tsaya. Mutum ɗaya ya koma baya kafin wurin da aka faɗi ya riƙa tsayar da motoci.

Kada ka kawo maganar a majalisa ana raha, za ta koma musu. Sami ja-gaban shi kaɗai, ka ce masa: “Yaya, ina son zuwa, amma a bayanka zan tsaya, kuma ba zan wuce gudun da na iya ba.” Mai hankali zai karɓa, wataƙila ma ka tarar akwai biyu ko uku a cikinku da suke tafiyar nan gabansu yana faɗuwa sun rasa wanda zai fara magana. In kuwa ya yi dariya ya ce kowa tasa ta fisshe shi, to ka nemi mutum biyu masu natsuwa ku yi taku tafiyar daban, ku fara da gajeriyar hanya wadda ka sani, da rana, ba goyo.